Agwagwar da Ta Ruɗi Clovis

Kawuna Ovide Guidry ya tsufa yana sassaƙa agwagin katako a fadamarmu ta Louisiana, irin waɗanda maharba ke jerawa kan ruwa don agwagin daji su gani su sauka. Amma bai taɓa sayen dalmar da ake ɗaura musu don su tsaya wuri ɗaya ba. Tsohon fulogin mota, ƙusa, har marfin tukunyar matarsa, Inna Eula, duk ya ɗaura. Igiyar kuwa da tsayinsa yake auna ta, ga shi gajere.

Wata safiya ruwan teku ya cika fiye da kullum, ya ɗaga fulogan daga ƙasa. Agwagin suka kama hanya a jere, ni da Kawu muna bin su da kwalekwale, yana ta zaginsu. Can bayan ciyayi muka ji ƙarar bindiga. Ashe maƙwabcinsa Clovis ne, wanda kullum yake cewa agwagin Kawu sun fi kama da takalmi.

"Clovis, me ka samu?" in ji Kawu.

"Rufa mini asiri, Ovide."

Kawu ya yi dariya har hularsa ta faɗa ruwa. "Takalmi ka harba? Kai wa matarka ta yi miya."

Agwagwar katakon da Clovis ya harba tana kan talabijin ɗin Kawu har yau, jikinta duk huji. Igiya kuwa bai ƙara mata ko taƙi ba. In an yi masa magana, sai ya ce kowa na iya sassaƙa wadda za ta ruɗi tsuntsu, tasa mutum ta ruɗa.