Watan da Waya ta ce Baba Bai Ɗinka Komai ba

Idan ka kira ƙawata Ify ka ce mata manhajarka ta lalace, da wuya ku rabu ba ta tambaye ka wa ke zama kusa da wayar ba. Na sha yi mata tsiya a kan wannan. A sanina mai gyara buɗe abu yake yi ya duba cikinsa, ba bin salsalar dangin mai kaya ba. Ita kuwa sai ta yi dariya ta ce haka ta gada.

Kuma da gaske gada ta yi. Mahaifinta, Oga Okechukwu, ya shekara talatin yana gyaran rediyo da talabijin a wani ɗan shago a unguwar Herwagana. A can aka haife ta, a can ta tashi, kuma Hausar bakinta ta fi ta wasunmu masu taƙama da ita. Ajinmu ɗaya a sakandare, ni ina gaba saboda iyayi, ita tana baya saboda surutu. Takan ba ni labarin wata rediyo da aka kawo wa babanta sau uku yana gyarawa tana dawowa. A na huɗu sai ya rufe shago ya bi mai ita har gida, ya tarar a kan wata 'yar kanta ake ajiye ta, daidai saman tukunyar tuwo, tururi yana shiga cikinta safe da yamma. Bai kwance ko noti ɗaya ba, ƙusa kawai ya buga a wani bangon ya rataye ta.

Ify ta karanci kwamfuta a nan Gombe, ta sami aiki a wani ƙaramin kamfani mai manhajar tsara aiki. Abin ba wuya gare shi ba: allo ne a cikin waya mai layi uku, Za a Yi, Ana Yi, An Gama. Kowane aiki kati ne mai ɗauke da sunan mai yin sa, ana jan sa daga layi zuwa layi. Duk sati biyu a ɗebi abin da za a iya gamawa, duk safiya kuma a tsaya minti goma kowa ya faɗi inda ya kwana. Aikin Ify shi ne amsa kiran waɗanda allon ya rikita. Tana da tsarinta da ba ta saɓawa: ta tambayi data, ta tambayi ko an sabunta manhajar, ta sa ka fita ka sake shiga, sannan ta duba tarihin katin. In duk wannan bai yi ba, sai ta zuba gyaɗa a jaka ta tari Keke Napep ta taho.

To, yanzu ga inda ta shigo gidanmu.

Shagon ɗinkinmu yana Shamaki, a zauren gidan da aka haife mu. Babanmu, Malam Sule, shi ke aikin wuyan kaftani da babbar riga, a kan wani baƙin keken ɗinki na ƙafa da ya girmi babban yayanmu Abdulaziz. Yaya yana aiki a Abuja, kuma shi ya kawo mana allon nan da shagon ya fara samun kwangilar kayan makaranta. Ya sayi babbar waya ya ajiye, ya ɗora kula da katuna a hannun A'i, matar autanmu Saifullahi, wadda ke ɗinkin mata a ɗan ɗakin da ke bayan zaure, labule ne kawai tsakaninsu. Shi kuma daga Abuja yana kallon komai a tasa wayar.

Wata Laraba ya kira ni. Ina gidana a Federal Low-Cost, ana hutun makarantar da nake koyarwa.

"Batul, buɗe allon nan ki duba sunan Baba."

Na buɗe. Sati biyar, babu kati ko ɗaya. Saifullahi kuwa, wanda tun yana yaro na san shi da son inuwa, ya gama ayyuka har saba'in da wani abu.

"Idon Baba ya tafi, ɓoye mana suke yi," in ji Yaya. "Kin tuna da Sallah sai da ya yi ta laluben kafar allura? Na kira shi na ce ya jiki, ya ce lafiya lau. Me kike so ya ce? Asabar zan zo da a-kori-kura in kwashe keken in kai gidanki. Muddin yana ganin sa ba zai huta ba."

Ba zan ɓoye ba, na ce masa to. Amma ina ajiye wayar na yi da-na-sani, don na san mahaifina. In ɗansa ya ɗauke masa keke ba zai yi gardama ba. Hularsa zai saka ya tafi masallaci, kuma daga ranar ba zai ƙara zama a zauren nan ba, ko da an dawo da keken an lulluɓe shi da zinariya. Washegari bayan la'asar na leƙa gida, na tarar da shi a kishingiɗe kan tabarma, rediyo na yi masa magana yana gyangyaɗi. Na manta cewa shekara arba'in ke nan haka yake yi bayan la'asar. Na fito da hawaye na kira Ify, ina fatan ta ce min manhajar ce ta haukace.

Ta yi 'yan tambayoyinta, na ji tana danne-danne, sannan ta ce, "Ƙawata, manhaja lafiyarta ƙalau. Katunan suna tafiya daidai, ba wanda ya ɓace." Na ji kamar in jefar da wayar. Sai ta ƙara da cewa, "Wa ke zama kusa da ita? Bari, gobe da safe ina nan tafe, ki tanadar min benci."

Ranar Juma'a ƙarfe takwas ta iso. Ta durƙusa ta gaida Baba, shi kuma ya washe baki.

"A'a, 'yar gidan Oga! Ina babanki? Ki gaya masa rediyon nan har yau ba ta yi tari ba."

"Zai ji, Baba. Na zo ganin hannunka ne yau."

Ta zauna ta buɗe gyaɗarta. Aka yi taron safe: Sammy da Zulkifilu, telolin shagon, suka miƙe tare da Saifullahi kowa ya faɗi nasa. Baba yana zaune yana shafa wa kekensa mai, don ba wanda zai ce wa dattijo ya miƙe ya ba da bahasi. Daga nan Saifullahi ya hau babur ya tafi kasuwa sayo zare. Ni kuwa na ƙosa. Na kawo ƙwararriya, ga ta tana ɓare gyaɗa tana tambayar Sammy yadda mawaƙan cocinsu suka kwana.

Wajen ƙarfe goma Baba ya gama wuyan wani kaftani ruwan toka. Ya datse zaren da haƙori, ya ɗaga rigar ya duba ta a hasken ƙofa, ya rataye. Ba a yi minti biyu ba Ify ta zungure ni da gwiwar hannu ta nuna min wayarta. Wani kati ya tashi daga Ana Yi ya faɗa An Gama: kaftani ruwan toka, aikin wuya, Saifullahi.

"Ƙaninki gwani ne," ta raɗa min. "Yana kasuwa yana ɗinki."

Raina ya ɓaci nan take. Na miƙe zan banka labulen nan, don a zatona A'i tana tara wa mijinta suna ne da gumin tsoho. Ify ta riƙo gefen mayafina. "Zauna, Malama, nan ba ajinki ba ne. Ni zan yi tambayar."

Muka shiga tare. Ify ta yabi wata rigar yara da A'i ke ɗinkawa, ta miƙa mata gyaɗa, sannan ta ce, "A'i, akwai abin da manhajar nan take yi miki da ba kya so?"

A'i ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta. Da ƙyar maganar ta fito.

"Anti Ify, ranar farko na danna sunansu, kamar yadda Yaya ya koya min. Sai wayarsu ta yi ƙara a aljihu, suka ba Zulkifilu ya karanta musu. Ya karanta da ƙarfi kowa yana ji: wai A'i ta ba ka aiki." Ta rufe fuska da tafin hannu. "Ni? Ni zan ba su aiki? A gidanmu ko sunan suruki ba a kamawa. Ga sunan nan a rubuce tsirara, kullum sai na sa yatsa a kai. Su dariya suka yi, amma ni ranar ko abinci ban ci ba. Shi ne nake sa nasu a sunan mai gidan, na ga ai duk gida ɗaya ne."

Kunya ta kama ni, ni da na shigo da faɗa a baki. A'i daga gidan Fulani ta fito, kuma shekara uku tana gidanmu ban taɓa jin ta ɗaga murya a inda Baba zai ji ba. Ify kuwa dariya ta yi har da riƙe ciki, ta ce, "Wallahi kin fi manhajar tarbiyya. Kawo wayar."

Gyaran bai ci minti biyar ba. Ta goge sunan Malam Sule a allon ta rubuta Baba. Ta kashe wurin da wani ke ɗora wa wani aiki, ta mayar da shi kowa ya ja katinsa da hannunsa. Sannan ta fita zaure ta durƙusa kusa da keken.

"Baba, asalin tsarin nan ba a ba mutum aiki, shi ke duba allo ya ɗauki wanda ya ga dama. Mu ne muka saita shi ba daidai ba."

"To ai haka nake yi tun kafin a haife ki," in ji Baba.

Ya sa babban yatsa ya ja kati, katin ya ƙi motsi, don allura ta mayar da fatar yatsan kamar ƙirgi. Ify ta ce ya gwada da ɗan ƙaramin. Katin ya bi shi sumul, Baba ya ƙyalƙyale da dariya ya mayar da shi baya ya sake ja, har sau uku. Da Saifullahi ya dawo aka zaunar da shi ya ware tsofaffin katuna. Duk aikin wuya na Baba ne, guda arba'in da shida. Na tambaye shi me ya hana shi magana tuntuni. Ya sosa ƙeya ya ce ba ya son ya tona matarsa, kuma gaskiya rabon da Yaya ya yabe shi tun yana firamare.

Bayan an sauko daga masallaci na kira Yaya cike da murna na kwashe komai na gaya masa. Sai ya ce, "Wato kun haɗu kun gyara allon don hankalina ya kwanta. Ina hanya, Batul." Na koma wa Ify a fusace. Ta ce kada in yi musu da shi, in dai samo masa benci kamar yadda na samo mata.

Asabar da hantsi ya iso. Motar ya bar ta a kwanar layi, ya shigo da ƙafa, fuska ba walwala. Ya durƙusa ya yi gaisuwa. Baba ya dube shi ta saman tabarau tun daga hula har takalmi.

"Abuja ta karɓe ka. Wuyan rigar nan ya shaƙe ka, ka kai inci sha bakwai da rabi yanzu. Zulkifilu, auna shi."

Zulkifilu ya zagaya masa tef a wuya, ya duba, ya kasa riƙe dariya. Sha bakwai da rabi cif. Baba ya jawo babbar wayar, ya miƙe ɗan ƙaramin yatsansa kamar mai shan shayi a gidan biki, ya ja kati. Wayar Yaya ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro ya karanta a hankali: Baba ya ɗauki aiki.

Na tura masa benci ya zauna kusa da Ify, ta miƙa masa gyaɗa. Baba ya kuskure kafar allura a karon farko, ya samu a na biyu, ya ɗora ƙafa a kan keken. Awa guda Yaya yana kallon zaren nan yana zagaya wuyan wata farar shadda, ba gargada ko ɗaya. Na ga ya cire hula ya goge fuska da ita, ya daɗe bai ɗago ba. Ni ma dai ban tsira ba, daɗi ya sa ni kuka a gaban teloli.

Baba ya datse zare da haƙori, ya ja katin zuwa An Gama. Wayar Yaya ta sake ƙara, daga bayan labule muka ji A'i ta yi 'yar dariya ta toshe baki. Baba bai ko dubi Yaya ba ya ce:

"Motar can da ka ɓoye a kwana, kira ta ta matso a loda mata kayan makaranta, tun da ta riga ta zo. Keken nan kam nauyi gare shi, ba ya son hawa mota."