Kunyar Ɗana a Ofishin Hedimasta

Makarantu biyu a Gyaɗi-Gyaɗi suka ƙi karɓar ɗana da suka ji yana da otizim, lalurar nan da ke wahalar wa yaro cuɗanya da mutane. Ɗaya ta ce iyaye za su kwashe 'ya'yansu, sai ka ce ƙyanda na kawo musu. Abin ya ci min rai ƙwarai. Yaro ya shekara shida, kullum yana leƙen 'yan makaranta ta taga.

Da za mu gwada ta uku a Tarauni, tun cikin adaidaita maigidana yake ja min kunne: «Don Allah yau ki riƙe bakin nan naki, a fara rubuta sunansa tukuna.»

Hedimastan dattijo ne mai furfura. Ya tambayi yaron sunansa. Gogan naka ya sunkuyar da kai yana kallon tayil. Dama ba ya haɗa ido da kowa, kuma abin da likita ya fara lura da shi ke nan a asibiti.

Sai dattijon ya washe baki. «Masha Allah, ga yaro mai kunya. 'Ya'yan yanzu sai su tsura maka ido kamar kai ne sa'ansu. Hajiya, kin iya tarbiyya.»

Maigidana ya taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur, har da murzawa. Ni kuwa bakina ba ya jin taki. Idan na yi shiru yau, gobe aka kaɗa ƙararrawa ya toshe kunne yana ihu fa? Bulala za su ɗauko.

Na ce, «Baba, ba kunya ba ce.» Na zayyana masa komai: ba ya son ƙara, ba ya son a taɓa shi ba zato, amma karatu in ya shiga kansa ya zauna. Maigidana har ya fara gyara hula, alamar mu tashi.

Dattijon ya daɗe yana duban yaron. Ya ce shi bai san ciwon nan ba, sai dai in riƙa zuwa ina nuna wa malamar ajin yadda ake bi da shi. A kawo shi ran Litinin, a gwada zango ɗaya.

Mun kai bakin ƙofa ya ƙara da cewa, «Yabon da na yi masa kuma ban janye ba.»

Tun da na haifi yaron nan, jaje kawai ake min a kansa. A adaidaita na yi ta kuka har gida, shi kuma yana wasa da bakin mayafina.