Ranar da Na Toshe Tagar Abokina

Kuskurena ɗaya ne: na ɗaga hannu. Fitsari ne ya matse ni, amma malamar tarihi ta ɗauka alƙalanci nake nema.

"Yawwa," in ji ta. "Kai ba Kirista ba, ba Bayahude ba. Kai ne alƙali."

Wasan kotu za mu yi a aji, na wata shari'a a wani garin Turai, shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Wani Kirista ya kai ƙarar maƙwabcinsa Bayahude, wai tagarsa tana kallon titin da ake bi zuwa coci, sai a toshe ta. Wanda ya fito a matsayin Bayahuden abokina ne, kuma Bayahuden ne na gaske. Teburinmu ɗaya a wurin cin abinci, tun ranar da muka gano mu biyu ne kaɗai ke tsince naman alade daga fiza. Ba ni da wani abokin a makarantar.

A gida, a unguwarmu ta Glenwood, na tambayi Baba yadda ake alƙalanci. Bai ɗago daga kwamfutarsa ba.

"Sulhu ake fara nema. Maƙwabta ne."

"Baba, sun mutu tun kafin a ƙirƙiro shinkafa."

"Ko da haka."

Ranar wasan, na shiga aji cikin babbar rigar Baba, wadda za ta iya rufe motar bas har da direba. Aka yi dariya. Na yi gyaran murya kamar janareta, na ce a sa wa tagar labule, kowa ya koma gida ya ci tuwo.

Malama ta ce dokar garin ba ta san labule ba. Maganar Bayahude ba ta da nauyi a kotun, sai in wani Kirista ya tashi ya shaide shi.

Abokina ya juya ya dubi ajin. Yana murmushi, yana jiran wani ya tashi. Akwai waɗanda suke buga ƙwallo tare. Akwai yarinyar unguwar Irving Park da yake koya wa lissafi. Wani ya yi tari, wata tana taunar biro. Wasa ne, kowa ya san wasa ne, amma ba wanda ya motsa.

Abokina ya dube ni. "Ranka ya daɗe," ya ce da Hausar da na koya masa, "kai fa?"

"Alƙali ba ya shaida," in ji malama.

Ban ji komai a raina ba. Ina jin fankar aji tana juyawa, da ƙamshin turaren Baba a wuyan rigar. Na ce a toshe tagar. Aka tafa.

Malama ta ba mu duka maki mai kyau. Abokina bai yi fushi da ni ba, har ya taya ni naɗe rigar. Daga makon da ya biyo, a ɗakin karatu yake cin abincinsa, shi kaɗai. Ni ina teburin har yanzu.