Ranar da Aka Kwaikwayi Babana a Lakol

A shekarar da gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba, ina aji uku a lakol, wato makarantar bokon garinmu, kusa da Cadawa. Anza muke ci, 'ya'yan wani itacen daji, wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ɗacinta yake fita. Rijiyoyin cikin gari duk sun ƙafe, sai babbar ta bakin gari, ita ma sai an jira ruwa ya taru. Dattawa suka ɗora wa babana kula da ita, domin mutum ne da ake jin maganarsa.

A lokacin ne Fulani suka gangaro daga arewa da abin da ya rage musu na shanu, suka sauka bayan lakol. Malaminmu, wanda kowa ke kira Mushe, wato malam da Faransanci, ya yi ta zarya zuwa rugarsu har suka ba shi yara kaɗan. Cikinsu akwai wata yarinya sa'ata, siririya, Hausarta a karye. Benci ɗaya ya zaunar da mu. Ba ma faɗa, ba ma kuma magana. Amma a filin wasa kullum sai an raba dambe tsakanin yaran gari da na ruga, kowa yana maimaita abin da ya ji a gida. Su suna cewa mun nome burtali, mu muna cewa shanunsu sun shanye mana ruwa.

Mushe ya yi bulala har ya gaji. Wata safiya ya sa aka ture bencuna gefe, ya kife kwando a tsakiyar aji, ya ce wannan rijiya ce.

"Yau za mu yi musanya," in ji shi. "'Yan gari, ku ne makiyaya. 'Yan ruga, ku ne masu rijiya. Kowa ya yi abin da ya ga ana yi."

Ya miƙa mini ƙwarya, na zama matar makiyayi. Abokiyar zamana kuwa aka ce ita ce mai tsaron rijiya. Mun ɗauka ba za ta iya buɗe baki ba.

Ta ari hular wani yaro, ta tura ta ƙeya. Ta goya hannuwa a baya, ta taka a hankali tana ɗan jan ƙafar hagu. Da ta iso gabana sai ta yi gyaran murya sau biyu, gajere da dogo. Tun kafin ta ce komai na gane wanda take kwaikwayo, don na san wannan gyaran muryar. Ita nake ji kowace asuba a ƙofar ɗakinmu.

"Wa ya kira ku?" ta ce da murya mai kauri. "Durƙusa in kina magana da ni."

Na durƙusa.

"Waɗannan shanun gobe za su mutu. Don me zan ɓata musu ruwa?" Sai ta sa ƙafa ta ture ƙwaryar, ta gangara har ƙarƙashin allo.

Ajin ya fashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "Baban wance ne, wallahi!" Ni dai ina durƙushe, na kasa ɗaga kai. Da safe nake zuwa ɗibar ruwa, makiyaya kuma sai rana ta take suke zuwa, don haka ban taɓa ganin babana a wannan hali ba. Wanda na sani shi ne mai ture mana akushinsa ya ce ya ƙoshi. Amma ko kaɗan ban yi shakkar cewa ya faɗi maganar ba, saboda yadda yarinyar ta ja ƙarshen kalmar, nasa ne.

Mushe ya buga tebur aka yi tsit. Ya ɗaga ni da kansa, ya ɗauko ƙwaryar. Ya tambayi yaran gari me suka ji da aka kore su. Wani ya ce ya ji kamar ya yi duka, wani ya ce ƙishirwa ta kama shi da gaske. Sannan ya juya ga yarinyar.

"Ke fa, da kike tsaron rijiya?"

Ta ce, "Ƙwarya ta yi yawa, Mushe. Kowa yana miƙowa."

Kafin azahar labari ya zaga gari. Ranar ban iya kai wa babana ruwan alwala ba, ƙanwata na tura. Washegari muna cikin karatu sai ga shi a ƙofar aji, hula a ƙeya, hannuwa a baya. Na ji yara suna danne dariya, na so ƙasa ta tsage in shige.

"Mushe, karatu muka ba ka 'ya'yanmu ka koya musu, ko zagin iyayensu?"

"Baba, ni na sa su," in ji Mushe. "Ban san kai za a fito da kai ba. Da na gane, ya kamata in tsayar tun da wuri saboda 'yarka, ban yi ba. Wannan laifina ne. Amma yarinyar ba ta ƙirƙiri komai ba, abin da ta gani ta yi."

Babana ya nemi a nuna masa ita. Ta miƙe, Mushe ya matsa ya tsaya kusa da ita.

"Yarinya, wa kika ga na ture wa ƙwarya?"

"Innata."

Ya dube ta, ya dube ni a gefenta. Sai ya juya ya fita ba sallama.

Ban taɓa jin ya ba kowa haƙuri ba. Abin da na sani, cikin makon nan ya je wurin dattawa ya ce shi kaɗai ba zai iya da rijiyar ba. Aka zauna a gindin gawon lakol, da ardon Fulanin, da Mushe, aka raba lokaci: mata da safe, dabbobi bayan la'asar, mutum ɗaya daga ruga yana tsayawa tare da babana. Duk da haka yawancin shanun sun mutu. Damben filin wasa ya ragu, bai ƙare ba.

Ni kuwa na daɗe ina fushi da yarinyar, amma na fi jin kunyarta. Na matsa can ƙarshen benci. Wata rana allina ya ƙare ana tsakiyar rubutu, ta karya nata biyu ta ajiye a tsakaninmu ba tare da ta kalle ni ba. Na ɗauka. Daga nan muka fara 'yar magana, ina gyara mata Hausa, tana koya mini sunayen shanu da launinsu.

Da ruwan farko ya sauka suka tashi, suka nufi wajen Gidan Rumji inda aka ce ciyawa ta fito. Mushe ya sa mu raka yaran har bakin burtali. Babana yana gona yana shuka, ya ɗaga kai ya ga wucewarmu, ya tsaya da sungumi a hannu har muka yi nisa.