Milimita Sittin da Uku

Shekara talatin da huɗu maigidana ya yi yana auna ruwan sama a tashar duba yanayi, har 'yan unguwa suka koma ce masa Milimita. Ƙarfe bakwai na safe zai je wurin wani gwangwani mai mazurari a ka, ya juye ruwan da ya taru cikin wata siririyar kwalba mai zane-zane, ya durƙusa ya karanta, ya rubuta a littafi. Ko ranar da na haifi ɗanmu na fari, sai da ya karanta gwangwaninsa sannan ya zo asibiti. Na daɗe da yafe masa, amma ban manta ba.

Da ya yi ritaya suka ba shi agogon bango da takardar yabo, suka dasa wata na'ura a gurbinsa mai aika awonta da kanta. Na yi murna, na ɗauka na samu abokin hira. Ashe mai duba aiki na samu. Satin farko ya jera min kwalaben kicin daga doguwa zuwa gajeriya. Sati na biyu ya fara tambayata me ya sa nake shara ina fuskantar iska. Na tura shi wurin tsofaffin da ke zama a bakin shagon tela. Wani a cikinsu ya ce jiya an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, Malam ya tambaye shi milimita nawa. Aka yi ta dariya, bai sake komawa ba.

Daga nan ya yi shiru. Sai ya sa kayan fita tun asuba, ya zauna a baranda yana kallon agogon nan har bakwai ta wuce, sannan ya cire hular. Wannan ya fi jera kwalaben ci min rai.

Shi ya sa ban ce komai ba ranar da ya dawo rungume da tsohon gwangwanin tashar, wanda ya roƙo kafin su zubar. Sai da ya kafa shi a tsakiyar tsakar gida, ya kama kwance min igiyar shanya, sannan na yi magana.

"Malam, ina zan shanya kayan?"

"Ɗigar kayanki za ta shiga awo. Dole ya yi nesa da bango da rufi da komai."

"To ni ma ai komai ce. In tashi?"

Bai ko ji ni ba. Muka kai ruwa rana, ƙarshe igiyata ta koma lungun bayan ɗaki inda rana ba ta leƙawa. Amma mutum ya dawo hayyacinsa. Ya sayi sabon littafi, kullum bakwai yana durƙushe, ko sama fes take sai ya je ya rubuta sifili. Babu mai karanta littafin nan sai shi. Na taɓa tambayarsa amfaninsa, ya ce, "Lambata ba ta taɓa ƙarya ba. In dai ni na rubuta, haka aka yi."

Ana tsakiyar damina yayansa ya kwanta ciwo, ya tafi duba shi zai kwana ɗaya. Yana fita na ce yau tsakar gida tawa ce. Na ɗauke gwangwanin na ajiye a baranda, na ɗaura igiya, na wanke barguna da labulaye duka. Da la'asar hadari ya taso, na yi ta gudun kwashe shanya, ruwa ya sauko ya gama, gwangwani yana baranda a bushe.

Sai da safe na gan shi. Na san motar farko Malam zai biyo saboda ƙarfe bakwai. Na mayar da gwangwanin gurbinsa, na ɗebo ruwa a bahon da ke ƙarƙashin indararo, na zuba a ciki da ƙiyasin ido. Na ga kamar ya yi kaɗan, na ƙara.

Bakwai saura kwata ya shigo, ko jaka bai ajiye ba. Bakwai na bugawa ya juye gwangwanin, ya karanta, ya sake juyewa. "Sittin da uku," ya ce, ya rubuta. Muna shan shayi rediyo ta ce jiya an samu milimita goma sha tara.

Wallahi tun da ya bar aiki ban ga fara'a irin ta ranar a fuskarsa ba. Ya miƙe, baki har kunne. "Kin ji ko? Na faɗa musu! Na'ura ba ta da ido. Ɗauko min farar rigata."

Nan ya kamata in yi magana. Wata takwas ina jiran in ga mutumin nan yana dariya, yau kuma ni zan kashe ta? Sai na ce zan raka shi, daga can in wuce kasuwa.

A ƙofar tashar sabon maigadi ya miƙo masa littafin baƙi ya sa hannu. Malam ya kalle shi, ya sa. Shugabar wurin yanzu wata ce da Malam ya koya wa aiki da hannunsa. Ta tarbe mu da ladabi, ta sa aka kawo kujeru, ya buɗe mata littafinsa a kan tebur.

Ta duba kwamfuta ta ce, "Baba, tashoshi uku na kusa da mu duk tsakanin sha bakwai da ashirin suka samu. Ko dai an taɓa gwangwanin?"

"A gidana? Ba mai taɓa shi."

"To ko wajen karantawa ne? Ka san ido…"

"Idona lafiya lau. In lambar nan ƙarya ce, ki kwaso littattafaina na shekara talatin da huɗu ki cinna musu wuta."

Wasu ma'aikata biyu a bayanmu suka haɗa ido. Na ji ɗayan ya ce ƙasa-ƙasa, "Tsufa ne, a lallaɓa shi." Haushi ya turnuƙe ni. Mutumin da bai taɓa kuskuren ɗigo ɗaya ba za a mayar ruɗaɗɗen tsoho saboda bargunana?

"Idonsa ya fi naku," na ce. "Ni na zuba ruwan."

Na faɗi komai, har bahon. Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi min sauƙi. Malam bai dube ni ba. Ya ciro biro, ya soke sittin da uku da layi ɗaya, ya ja ɗan gajeren layi a gefe, alamar ranar da ba a samu awo ba. Ya rufe littafin ya yi musu sallama.

Muna tafiya a hanya ya ce, "Da kin ce min kin ɗauke shi, layin nan kawai zan ja. Ba laifi ba ne a rasa awo. Amma kin bari na rubuta ƙarya da hannuna."

"Tsoron ɓacin ranka na ji, Malam."

"Ai gara ɓacin ran."

Washegari an yi yayyafi da asuba. Bakwai ta buga a agogon bango, Malam yana ɗaki bai fito ba. Bakwai da minti biyar, shiru. Na dubi gwangwanin nan da ya kore min igiya, na ce in na bar shi yau, gobe baranda za mu koma, da kayan fita da kallon agogo. Na ja tsaki, na ɗauko kwalbar na juye, na ɗaga ta sama ina ƙanƙance ido, na ɗaga murya yadda zai ji. "Kamar dai bakwai nake gani. Bari in rubuta takwas."

Tagar ɗaki ta buɗe da ƙarfi.

"Ba a tsaye ake karantawa ba! Ajiye ta ƙasa ki durƙusa, idonki daidai da ruwan!"

"Gwiwata ba ta durƙusuwa, ka sani."

Na ji yana lalubar takalmi. Ya fito, ya karɓe kwalbar, ya durƙusa a jiƙaƙƙen siminti.

"Huɗu," ya ce. "Miƙo min littafin."