Ɗinyoyi Uku Na Bayan Ƙofar Taramniya

Ranar nan ba ta fita raina ba. Shekara guda ce bayan wadda anka hana zuwa Hajji saboda annoba, damina ta kusa, na shekara ashirin da shida ina aiki a lambun renon itatuwa na gwamnati. Ku yaran yanzu kun iske ni da sanda, amma ni lebura ce, mataki na ɗaya. In cika leda da ƙasa da taki, in saka iri, in ba da ruwa safe da marece. Ban san biro ba, amma ba iccen da zan kasa faɗin sunansa ko ido rufe.

Sai anka kawo muna Dakta Nasiru daga jami'a, yaro mai ladabi, da jaka cike da na'urori. Daraktan lambu ya ce in riƙa raka shi, tunda ni na san gari.

Aikinsa shi ne gano yadda fari ya kori itatuwa. Ya ce a da can ruwa ya yawaita, dajin ɗinya ya haɗe tun daga ƙasar Zuru har Sakkwato, da ƙasa ta bushe sai dajin ya ja kudu, ya bar 'yan tsiraru. Wanga duk na yarda, don kakata ta faɗa min haka ba da na'ura ba.

Bayan Ƙofar Taramniya akwai ɗinyoyi uku bakin tsohon kududdufi. Wata biyu yana tsinkar ganyensu yana aikawa gwaji. Sakamako ya dawo cewa danginsu na Zuru, ya rubuta cewa ragowar tsohon dajin ne. Ran Alhamis zai karanta gaban manyansa.

Ran Talata ya karanta min da Hausa, yana murna. Na auna, in na yi shiru ya kunyata wata rana, in na yi magana aikin wata biyu ya zube.

Na ce, "Ɗana, tsofaffin nan naka na girme su."

Na gaya masa babana fataucin shanu yake yi, duk dawowarsa daga Zuru da ɗinya cikin burgami. Ni da ƙanwata Ladi muke zama bakin kududdufin muna tsotsa muna gasar tofa ƙwallo.

Ya aje takardar. Can ya ce, "Inna, mi ya hana ki faɗa tun farko?"

"Icce ka tambaya, ba ni ba."

Ya yi dariya har ya cire tabarau. Washegari na kai shi fadama, inda kakata take ɗibar ɗinya kafin babban fari. Kututture bakwai munka iske, da guda mai rai, mutum uku ba su rungume ta. Ya roƙi a ɗage masa karatun, anka ɗage, ya sake aikin daga tushe.

Abin da na ɗauka shi ne, a aikin icce, kafin ka auna ganye ka gaida tsofaffin unguwa, ka zauna su ba ka ruwa.

Darakta ya rasu, Allah ya jiƙan shi. Dakta na nan, har yau ba ya shiga daji sai ya biyo ta gidana. Ladi ma na unguwar Gawon Nama, haƙori biyu sunka rage mata, tana nan tana rantsuwa dukan ukun ita ta tofa.