Matar da Ta Ƙi Ɗibar Jinin Yayana

Ƙarfe bakwai saura take shigowa asibiti, kuma ba ta gaida kowa sai ta fara gaida firiza. Wata ƙatuwar firiza ce a lungun ɗakin gwaje-gwaje, mai lamba a goshi. Za ta tsaya ta karanta lambar sanyin, ta rubuta a takardar da ke manne a ƙofar, sannan ta juyo ta ce, "To, ina kwananku?" Abokan aikinta sun daɗe da daina jin haushi. Su ne ma suka laƙaba mata Uwar Kwalabe, sunan ya bi ta har bakin get.

Aikinta ɗibar jini ne. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana ɗaure damtse, tana laluben jijiya, kuma ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Shi ya sa na ce bari in yi magana tun tana ji da kunnenta.

Ni malamar firamare ce, kuma Allah Ya yi ni da tambaya. Ɗalibaina sun sani, mijina ya fi su sani. Shekara uku da suka wuce na ja yayana zuwa asibitin nan, kusan da ƙarfin tsiya. Ciwon dajin tumbi ne ajalin babanmu, ba a gano shi ba sai da ya gama cin jiki. Ga Yaya kuma ya shekara biyu yana shan maganin olsa kamar ruwa, wando yana zame masa. Likita ya ce sai an zura masa robar nan mai kyamara ta maƙogwaro an leƙa cikin. Yaya kafinta ne, zarto ya taɓa cire masa kan yatsa bai ce uffan ba, amma da ya ji batun roba sai ya fara neman hularsa.

Sai likitan ya ambaci wani bincike da suke yi, na neman alamar wannan ciwo a cikin jini, ya tambaya ko Yaya zai ba da nasa. Yaya bai tsaya jin ƙarshen zancen ba. "A ɗiba, ko galan guda ne," in ji shi.

Haka muka faɗa ɗakin Uwar Kwalabe. Ta ɗaure masa damtse, ta goge wurin da auduga, har ta ɓare allura. Yaya ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Alhamdulillahi, na huta da robar nan."

Ta dube shi, ta ajiye allurar, ta kwance ɗaurin.

"Malam, wa ya ce maka ka huta?"

"Ba jinin ne zai nuna ba, Hajiya?"

"Jinin nan bai iya magana ba tukuna, koya masa ake yi. In na ɗiba ka tafi gida kana ganin an duba ka, na cuce ka. Ka yarda a leƙa cikinka, ni kuma in ɗiba. In ba haka ba, saki hannun rigarka."

Yaya ya tashi fuu ya fice. Wallahi a lokacin na ji haushinta, don da ƙyar na kawo shi. Amma halin nawa ya motsa, maimakon in bi shi sai na tsaya ina tambaya: wai me ake nema a jinin?

Ta ce wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa ne da ƙwayoyin jiki ke saki cikin jini, ana ce musu maikro-RNA. "Kin san 'yan takardun da yaranki ke wurga wa juna a aji? To, kamar su ne. Idan ciwo ya fara a tumbi, wasu kan yi yawa, wasu su ragu. Likitoci na son su iya karanta su, don wata rana a gano ciwon da wuri da allura ɗaya. Amma sai an ga abin da ke cikin mutum da ido, a gwama da jininsa, a yi wa ɗaruruwan mutane haka, sannan a san wace takarda ce ke faɗin gaskiya."

Tana magana tana ɗaga wata kwalba saitin taga. Na ce wannan kuma fa? Ta ce bayan inji ya juya jini, ruwan da ke tasowa sama ya kamata ya zama rawaya garau. Idan ya yi ja-ja, to jajayen ƙwayoyin jini sun fashe sun zuba nasu a ciki, lissafin ya gurɓata ke nan. Daga baya likitan ya ba ni labarin ranar da ta ware kwalba goma sha ɗaya a kan wannan, alhali shi da ya duba bai ga aibunsu ba. Ta bi masu jinin a waya ɗaya bayan ɗaya tana ba su haƙuri, har tara suka dawo ta sake ɗibar jininsu. Ya ce shi ranar kamar ya yi kuka, yau kuwa da waɗannan kwalabe yake bugun ƙirji.

A ranar dai, ni da ita muka fito tare muka tarar da Yaya a kan benci, ya haɗe rai. Ta zauna kusa da shi ta ce, "Tsoro kake ji, kuma ba abin kunya ba ne. Ka zo ran Talata. Zan rufe ɗakina in zo in riƙe maka hannu." Yaya ya ce shi ba tsoro yake ji ba, aiki ne ya yi masa yawa. Ta ce to, katakon zai jira.

Ran Talata ya zo, ta ɗebi jininsa, ta kuma cika alkawari. Da aka zura robar, aka ga wani ɗan miki a tumbinsa da bai kai farcen babban yatsa ba. Aka ɗan gutsuro aka auna, ya tabbata ciwon ne, amma bai yi nisa ba. Aka yi aiki aka yanke wani sashe na tumbin. Yanzu sau shida a rana yake cin abinci a ƙaramin faranti, yana mita kamar an zalunce shi.

Kwanakin baya na koma na tambaye ta, "Anti, shi jinin Yaya me ya nuna?"

Ta yi dariya. "Ke dai ba kya gajiya. Ban sani ba. Lamba ce a jikin kwalbar, babu suna. Yana can cikin firiza da 'yan'uwansa. Wataƙila ɗan wani ne zai ci amfaninsa, lokacin ni ina gida ina fama da jikoki."

Uwar Kwalabe, ke ce mai sanyin hannu da kaifin ido. Idan binciken nan ya yi nasara, na san sunayen manyan likitoci za a ji, naki ba lallai ba. Amma ke ce kika ajiye allura a ranar da ɗibar jinin ta fi miki sauƙi, kika yarda mutum ya ji haushinki a kan ya tafi da kwanciyar hankalin ƙarya. Mun gode. Allah Ya ba ki lafiyar cin hutunki, Ya saka miki da abin da ba za mu iya ba.

Ku kuma da za ku gaji kujerarta, ku gaji halinta: ku gaya wa mutane abin da gwajinku zai iya, ku gaya musu abin da ba zai iya ba. Mai ɗan'uwan da ya daɗe yana shan maganin olsa yana ramewa, ya ja shi gaban likita ko da zai yi fushi. A watan jiya Yaya ya cika shekara hamsin da takwas. Babanmu bai kai nan ba.